Mil Ashirin na Lüderitz

Akwai zancen da ke ta yawo a intanet, wai wani sarki a Namibiya ya sayar wa Bajamushe ƙasarsa saboda kwaɗayin bindigogi. Jama'a, ba haka abin ya tafi ba.

Bajamushen sunansa Adolf Lüderitz, haifaffen Bremen a 1834, ɗan wani attajirin taba. Ya je Amurka, ya gwada kiwo a Meziko, ya karye. A 1881 ya buɗe rumfar ciniki a Legas, 'yan kasuwar Ingila suka fi ƙarfinsa, sai ya nufi kudu.

A watan Mayun 1883 wakilinsa, Heinrich Vogelsang, ya sayi mashigin ruwan Angra Pequena daga Josef Frederiks, shugaban ƙabilar Nama na garin Bethanie, a kan fam 100 da bindiga 200. Wurin kuwa rairayi ne da iska kawai.

Yanzu ku natsu, nan ne ake kuskure. A watan Agusta suka sake ƙulla ciniki: gaɓar teku daga Kogin Oranje zuwa arewa, faɗinta mil 20, a kan fam 500 da bindiga 60. Frederiks mil ɗin Ingila ya sani, wanda bai kai kilomita biyu ba. A lissafinsa kilomita 32 ya bayar, bakin hamada da ba ya kiwo a ciki. Amma takardar mil ɗin Jamus take nufi, wanda ya haura kilomita bakwai. Da wannan awon, yankin ya shige cikin ƙasa kusan kilomita 150, har ya haɗiye mafi yawan makiyayar mutanen Frederiks. Tamkar ka sayar da hatsi da mudu, mai saye ya zo awo da tiya.

Kuma Lüderitz ya sani sarai, domin ya rubuta wa Vogelsang cewa a bar Frederiks da zatonsa tukuna. Ni a wurina wannan ha'inci ne tsagwaronsa.

A Afrilun 1884 Bismak, shugaban gwamnatin Jamus, ya sa yankin ƙarƙashin kariyar Jamus. Kuɗin Lüderitz suka ƙare wurin neman ma'adinai, ya sayar da haƙƙinsa ga wani kamfani a 1885. A 1886 ya ɓace a teku kusa da bakin Kogin Oranje, ba a ga gawarsa ba. Lu'ulu'un da ke kwance a ƙasar sai 1908 aka gano shi. A tsibirin Shark da ke gaban garin da ke ɗauke da sunan Lüderitz ne sojojin Jamus suka tsare 'yan ƙabilun Nama da Herero daga 1905, mutane da yawa suka mutu a can.