Yadda Za Ka Tsallake da Kajinka a Lokacin Hunturu

Assalamu alaikum, masu kallo. Da zarar Disamba ta kama, iska ta juyo daga arewa maso gabas, hazo ya lulluɓe dutsen Dala, sai ka fara jin ana cewa a unguwa: "Sanyi ya ƙarar min da kaji." Sau da yawa ba sanyin ne ya kashe su ba.

Zafin jikin kaza yana kai digiri 41, ya fi na mutum da kusan digiri 4. In ta ji sanyi sai ta bubbuɗa gashinta ya riƙe ɗumi, ta kwanta kan ƙafafunta, ta cusa baki cikin gashin baya. A Kanada da Rasha ruwan shan kaji kan daskare, zankon zakara ma sanyi kan ci shi har ya yi baƙi, amma ana kiwon kaji a bayan gida. Mu nan Kano, ko a Janairu, sanyin asuba yawanci wajen digiri 12 zuwa 14 yake tsayawa. Babbar kaza mai lafiya tana jure wannan.

Abin da ba ta so shi ne iska ta riƙa bugunta kai tsaye tana barci. To, ka duba akurkinka, ka rataya buhu ko tsohuwar tabarma a gefen gabas da arewa. Amma don Allah kada a naɗe shi duka da leda. A nan ne mutane da yawa ke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Numfashin kaji da kashinsu suna fitar da danshi da wani wari mai yaji. In babu mafita, shi ke ƙona musu ido da maƙogwaro, sai mura ta biyo baya. A bar kafa ta sama, can kusa da rufi. Da safe ka sa kanka ciki ka shaƙa. In idonka ya yi yaji, nasu ya daɗe da yi.

A ƙasa a shimfiɗa buntun shinkafa ko dusar katako, irin wadda ake samu wajen 'yan katako a Na'ibawa. Inda ya jiƙe a kwashe. A gicciya musu sanda su hau, kada su kwana kan siminti. Da yamma a ƙara musu ɗan tsakin masara ko gero su kwanta da shi a ciki, da safe kuma a ba su ruwa mai ɗan ɗumi.

'Yan tsaki kuwa maganarsu daban ce, musamman waɗanda aka sayo ba uwa. A makon farko suna buƙatar digiri 32 zuwa 35, ana ragewa kaɗan-kaɗan kowane mako har gashi ya rufe su, wajen mako 5 zuwa 6. Ba sai kana da ma'auni ba, su za su faɗa maka. In sun cure wuri guda suna tsuwa, suna hawa kan juna, sanyi suke ji, kuma na ƙasa ne ke mutuwa. In sun gudu bango suna haki, zafi ya yi yawa. Mai amfani da gawayi ya bari ya ruru a waje tukuna, ya sa shi cikin tukunya, ya kange shi, ya bar hanyar iska. Hayaƙin gawayi a rufaffen wuri yana kashe mutum ma, balle ɗan tsako. Ga kuma gobara, don buntu ba ya jiran tartsatsi na biyu.

Sai babban mai ɗauke kaji a wannan lokaci, cutar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil: koren kashi, haki, wuya ya murɗe, kafin kwana uku akurki ya zama kango. Ba ta da magani, kafso da barkono ba sa yi mata komai. Rigakafi ne kawai, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Filato tana yin sa, har da wanda ake ɗigawa a ido. A nemi likitan dabbobi tun kafin sanyi ya kankama, ya faɗi lokacin maimaitawa.

Kazar da ka sayo a kasuwa kuma, ko wadda aka kawo maka kyauta daga ƙauye, ka ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin naka.