Hydroxyurea: maganin sankarar jini da ake ba masu sikila

An rubuto wannan daga faifan laccar da wata likitar jini ta yi wa iyayen yara masu sikila a Jos.

Assalamu alaikum. Iyayena mata da maza, sannunku da fitowa cikin wannan sanyi. Na san a cikinku akwai waɗanda aka rubuta wa 'ya'yansu hydroxyurea, suka karanta takardar cikin kwali, suka ga an ambaci sankara, sai suka jefa shi ƙasan akwati. Wannan yana ci mini rai.

Gaskiya ne maganin sankara ne. Tun 1967 Amurka ta amince da shi. Aikinsa shi ne rage wa ɓargo gaggawar ƙera ƙwayoyin jini, shi ya sa ake ba masu wata sankarar jini da ake kira CML, da waɗanda jininsu ya yi kauri saboda yawan jajayen ƙwayoyi.

To me ya haɗa shi da sikila? Jariri yana zuwa duniya da wani irin sinadarin jini na ɗan tayi, wanda ba ya bari ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. Kun lura ciwon ba ya fara tashi sai yaro ya kai wajen wata shida? Lokacin ne sinadarin yake ja baya. Hydroxyurea yana sa jiki ya koma yin sa. A 1995 an dakatar da wani babban bincike kafin wa'adinsa, domin tashin ciwo ya ragu da kusan rabi ga masu shan maganin, kuma bai kamata a ci gaba da hana sauran masu sikilar da ke cikin binciken, waɗanda ba a ba su shi, ba. A Kano ma, a Asibitin Malam Aminu Kano, an gwada shi wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki.

Ba ya warkar da sikila, kuma sai ya ɗauki watanni kafin a ga amfaninsa. Kullum ake sha, ko yaro yana lafiya lau.

Inda nake roƙonku shi ne gwajin jini. Maganin yana iya rage fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, don haka da farko kusan duk wata sai an auna. Na san kuɗin mota da na gwaji ba wasa ba ne. Amma don Allah kada a saya a kemis a riƙa ba yaro da ka, domin da nauyinsa ake auna masa. Zazzaɓi ya zo, a garzayo asibiti a ranar. Mai ciki ko mai neman haihuwa, mace ko namiji, a fara ganin likita tukuna.

Hajiya, na ga hannunki a sama, bismillah.