Ƙaramin Gida a Cikin Daji: Saiwar Itace Ce Ke Fara Zana Shi

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi wannan fili: dogayen itatuwa, ƙasa mai danshi, duwatsu duk gansakuka ta rufe su. Irin wannan daji ne ya mamaye kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar Finland. A ce wani magidanci da matarsa da 'ya'yansu biyu suna son gida a nan. Daga ina mai zanen gida zai fara?

Daga saiwa. Yawancin saiwar itace ba ta nutsawa can ƙasa, a kusa da sama take shimfiɗe, tana yaɗuwa gefe-gefe. A Birtaniya magina na da ƙa'ida: a auna faɗin gindin itacen, a ninka sau 12, sai a zagaye shi da da'ira mai wannan nisa. Itace mai faɗin rabin mita ke nan yana buƙatar mita 6 ta kowane ɓangare. Cikin da'irar nan ba haƙa, ba jibge bulo, ba shigar tifa, domin nauyi na danne ƙasa har saiwa ta kasa shan iska. Abin da ke ba ni tsoro shi ne itacen ba ya mutuwa nan take. Sai bayan shekaru ya bushe a tsaye, daidai saman ɗakin yara.

Idan an gama zana da'irorin, filin da ya rage kaɗan ne, kuma shi zai faɗi girman gidan da siffarsa. Maimakon a malala kankare, ana murza turakun ƙarfe cikin ƙasa tsakanin saiwoyi, a ɗora gidan a kai, ruwa ya bi ta ƙarƙashi. Amma a fara sanin inda ruwa ke kaiwa. Gidan Farnsworth da mai zanen gidaje Mies van der Rohe ya kammala a 1951 a jihar Illinois ta Amurka, an ɗaga shi kusan mita ɗaya da rabi saboda kogin Fox, duk da haka ambaliya ta sha shiga ciki.

To, mu shiga. Da farko ɗan ƙaramin ɗaki ne, kamar zaure, inda ake tuɓe jiƙaƙƙun takalma da rigunan sanyi. Daga nan kicin, wurin cin abinci da falo duk ɗaki ɗaya ne. Ɗakunan kwana ƙanana, kabad a jikin bango, babu dogon lungu mai cin fili.

Babbar matsalar daji ita ce duhu. Shi ya sa manyan tagogi ke kallon kudu, don a ƙasashen arewa ta nan rana ke bi, sannan a huda taga ɗaya a rufi, haske ya sauko tsakiyar falo. Yaro na zaune yana cin abinci, idonsa na kan itatuwa, ba zai taɓa jin ɗakin ya matse shi ba.

Rufin kuma a yi shi da gangara sosai, ganye da dusar ƙanƙara su zame. Indararo a sa masa raga, kuma a ajiye shi inda tsani zai kai, domin duk kaka sai an hau an share.