Amsoshin Tambayoyinku: Me ya haɗa shan shayi da karate?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Takardarmu ta farko ta fito ne daga wani matashi a Zariya da ke koyon karate. Ya ce malaminsu yakan ce "ichigo ichie" kafin a fara horo, shi ne yake son jin ma'anarta da abin da ya haɗa ta da faɗa.

To malam, mun gode. Maganar Japananci ce, tana nufin haɗuwa ɗaya tak a tsawon rayuwa. Daga wajen shan shayi ta samo asali. Ana danganta tunanin da Sen no Rikyu, gwanin hidimar shayi da ya rasu a 1591, sai kuma Ii Naosuke, babban jami'in gwamnatin shogun (shugaban mulkin sojan Japan na wancan zamani) da aka kashe a 1860, wanda ya bayyana shi a rubuce. Abin nufi, ko kullum mai gida da baƙonsa suna zama tare, zaman yau ba zai sake dawowa ba, don haka a ba shi haƙƙinsa.

Mayaƙan Japan masu takobi ba su sha wahalar gane wannan ba, domin takobin gaske sara ɗaya yake yi. A ɗakin horo ne matsalar take. Ɗan kendo, wato wasan takobin Japan, da sandar gora yake bugu, ɗan karate kuma ya san naushi zai tsaya kafin ya taɓa fuskarsa, sai zuciya ta fara raɗa masa, "bari, na gyara a na gaba." Yoshida Kenko, wani marubucin ƙarni na 14, ya kawo labarin malamin harbin baka da ya ga ɗalibinsa riƙe da kibiya biyu, ya hana shi, domin mai dogaro da ta biyu sakaci yake yi da ta farko. Ni wannan labarin ya fi komai ratsa ni.

Ko a judo, ippon ɗaya, wato cikakken maki, ke tashin wasa nan take, kamar dai yadda kisa ɗaya ke raba 'yan dambe.

Saboda haka malam, gobe in ka sunkuya wa abokin karawarka, dube shi da kyau. Wataƙila yau yana ɗingisa ƙafar hagu, ko numfashinsa ya fi na jiya sauri. Da wannan mutumin za ka kara, kuma naushin farko ka kai shi kamar babu na biyu.

Sai takarda ta gaba.