Fodkas: Ranar da manoman Vendée suka juya wa Paris baya

Balarabe: Salamu alaikum jama'a. Tun satin jiya wayata ba ta huta ba, duk kan maganar da Yaya Rabi ta yi, cewa ba kowane talakan Faransa ne ya yi murna da juyin juya halin 1789 ba.

Rabi: Kuma ina nan a kan bakana.

Isuhu: Mu dai a lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi an karanta mana labarin kurkukun Bastille da na Robespierre, ɗaya daga cikin jagororin juyin, har mun haddace, amma tawayen Vendée, yankin nan na yammacin Faransa, layi biyu aka yi masa aka wuce.

Rabi: Abin da ke ci mini rai ke nan, Malam Isuhu. Wani ya rubuto wai jahilci ne ya sa 'yan ƙauye suka bi sarki. Wane jahilci? A Yuli da Agustan 1789 su ne fa suka afka gidajen masu sarauta, suka zaƙulo takardun harajin da ake bin su, suka cinna musu wuta. Da su aka fara. To a Nuwamba aka ƙwace gonakin coci, daga baya aka yi gwanjonsu. Wa ke da kuɗin saye? A yammacin ƙasar galibi lauyoyi ne da 'yan kasuwar birni. Manomin da ke haya ya wayi gari mai gona ya canza, haya kuwa tana nan daram.

Balarabe: Amma Yaya...

Rabi: Tsaya in ƙarasa. A 1790 aka ce kowane fada, wato limamin coci, ya rantse da sabon tsarin coci. A yankin nan yawancinsu suka ƙi. Mutumin da ya yi wa 'ya'yanka baftisma, ya binne uwarka, a cire shi, a kawo maka baƙo da rakiyar 'yan bindiga daga birni. Mutane suka koma bin tsohon fadansu da dare, a daji ko a ɗakin ajiyar hatsi.

Balarabe: Na ji, amma a yi wa birni adalci. Matan Paris da suka taka har fadar sarki da ke Versailles ranar 5 ga Oktoban 1789, kusan kilomita 20 cikin ruwan sama, yunwa ce ta fito da su. Burodi ya fi ƙarfinsu.

Rabi: Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai da me za a biya manomi? Da kuɗin takarda, assignat, wanda darajarsa ke ta zubewa.

Isuhu: Nan kam na fahimce su. Kakana ba ya taɓa buɗe rumbu don ya ga takarda. Na tuna shi tsaye kan tsani, ya zura hannu ya zaro zangarniya ɗaya, ya murza a tafinsa, ya hure, ya mayar da murfin.

Balarabe: Gero ne ko dawa?

Isuhu: Gero mana. A zangarniyarsa yakan yi shekaru bai lalace ba.

Balarabe: Mu a wajenmu dawa ake ajiyewa, sai dai ƙwari.

Isuhu: Ai don kuna sussukewa ne. Bar ta a kanta, ka sa ganyen darbejiya.

Balarabe: Wasu toka suke sawa.

Isuhu: Toka ta wake ce, Balarabe.

Rabi: Ku dawo Faransa don Allah! Manomi ya rufe rumbunsa, birni ya ce ɓoye yake yi. A 1793 har aka ƙayyade farashi, aka tura rundunonin 'yan birni su kwaso hatsi da ƙarfi. Amma abin da ya fasa ƙwai a Vendée tun Fabrairun shekarar ya zo: a ɗebi mutum 300,000 aikin soja, jami'an gwamnati kuma ban da su. Wato wanda ya sayi gonar, ya kori fada, shi zai zauna gida, ɗanka ya je bakin daga. A Maris aka kaɗa ƙararrawar coci ƙauye bayan ƙauye, mutane suka fito da lauje da cokalin ciyawa. Ɗaya daga cikin jagororinsu, Cathelineau, ɗan koli ne mai yawon talla.

Balarabe: Su ma sun yi kisa fa. A garin Machecoul sun karkashe magoya bayan jamhuriya.

Rabi: Sun yi, kuma mummuna. Sun ci garin Saumur a Yuni, suka kasa cin birnin Nantes, aka murƙushe su a garin Savenay a Disamba. Abin da ya biyo baya ne ba na iya karantawa ban ajiye littafi ba. Daga Janairun 1794 sojojin jamhuriya ƙarƙashin Janar Turreau suka bi ƙauyuka suna ƙonawa, mata da yara ba su tsira ba. A Nantes an lodi fursunoni a jiragen ruwa an nutsar a kogin Loire. Masana tarihi suna ƙiyasta mutanen yankin da suka mutu da 170,000 ko fiye.

Isuhu: Innalillahi.

Balarabe: Yaya, lokaci ya ci mu, ga shi ba mu taɓo maganar harshe ba.

Rabi: Rahoton ɗan majalisa Grégoire na 1794, wanda ya nemi a kawar da yarukan ƙauye? Ai wannan sai an ba ni shiri guda.

Balarabe: To sati mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da turo saƙonni. Sai an jima.