Mazaunin waya na katako: yadda yake ƙara sauti ba tare da wuta ba

Masu kallo, abin da kuke gani a kan wannan tebur guntun katako ne da aka sassaƙa da hannu, aka yi masa tsaga a sama inda wayar hannu za ta zauna, da faffaɗan baki a gaba. Babu batir a cikinsa, babu wayar wuta, amma da zarar an ɗora waya an kunna karatu, sai muryar ta ƙara fitowa ta cika falo.

Ku dubi cikinsa yanzu da muka raba shi biyu. Lasifikar yawancin wayoyi tana can ƙasa kusa da ramin caji, kuma daidai wurin masassaƙi ya buɗe siririn rami wanda yake faɗaɗa a hankali har ya kai baki. Ramin ba ya ƙirƙirar sauti. Tattara wanda wayar ta fitar yake yi, ya taimaka masa shiga iska sosai, ya kuma tura shi gaba maimakon ya watse, kamar yadda mutum yake kewaye bakinsa da tafukansa idan zai kira wani daga nesa. Dabarar ƙahon garmaho ce, wato na'urar kiɗa da Emile Berliner ya yi wa rajista a Amurka a 1887, tun kafin a fara ƙara sauti da lantarki.

Sai dai abin yana da iyaka, kuma ya kamata mai saye ya san ta. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka igiyar amo mai kauri, irin na babbar ganga, tana kai mita uku ko fiye, tsawon da ƙaho mai girman tafin hannu ba zai iya ɗauka ba. Muryar mai karatun Alƙur'ani, wa'azi da labaran rediyo su ne suka fi fita da kyau a cikinsa. Wanda yake son kiɗa mai nauyi, sai ya nemi irin da aka sa wa lasifika da Bluetooth a ciki.

Tsadarsa kuwa daga katako da aikin hannu take zuwa. Ana zaɓar itace mai tauri irin maɗaci, a busar da shi sosai, a goge cikin ramin har ya yi sumul, sannan a shafa masa mai domin zanen jikin itacen ya fito. Mu da muke zaune a Jidda mun san darajar irin wannan aiki, domin tagogin katako da ake kira rawashin na unguwar Al-Balad, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, aikin kafintocin hannu ne. A ganina akwai wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: lokacin da Apple ya sauya ramin cajin iPhone a 2012, mazaunai masu fulogi da yawa sun daina aiki sai da ƙarin mahaɗi, amma na katako zalla bai san an yi ba.

Kafin ku biya kuɗi, ku gwada wayarku a tsagar tare da rigarta, ku tabbata lasifikar ta dace da ramin. Ku kuma tambayi ko katakon ya bushe, domin itacen da ya sha danshin Jidda yana iya tsagewa idan aka kai shi Riyad mai busasshiyar iska ko aka ajiye shi gaban na'urar sanyaya ɗaki.