Darasin Sauraro: Kiɗan Rashied Ali a Situdiyo da Gaban Jama'a

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu kasa kunne ga Rashied Ali, makaɗin jaz ɗan birnin Philadelphia na Amurka, wanda ya gaji Elvin Jones a ƙungiyar mabushi John Coltrane.

Ali ba ya riƙe wa mabushi kari guda da za a bi da tafi ko kaɗa kai. Yana zuba kiɗan ne kamar ruwan sama a kan rufin kwano, ya yi ƙarfi, ya lafa, ya sake tasowa, mabushi kuma ya ratsa ta inda ya ga dama.

Mu fara da faifan Interstellar Space, wanda aka ɗauka ranar 22 ga Fabrairun 1967 a situdiyon Rudy Van Gelder da ke jihar New Jersey, amma bai fito ba sai 1974. Su biyu ne kaɗai, ganguna da sakisofon. Ku lura da wurin da aka sa wa suna Venus, inda Coltrane ya fara da kaɗa ƙananan ƙararrawa, Ali kuma ya ajiye sanduna ya ɗauki burushin waya mai kama da 'yar tsintsiya yana shafa fatar ganga. A nan kunne yana iya bambanta aikin hannu da na ƙafa, yana jin amon farantin ƙarfe tun daga bugunsa har ya mutu. Duk mai cewa irin wannan kiɗa hayaniya ce kawai, ina roƙonsa ya saurari wannan wuri sau uku.

Bayan wata biyu, ranar 23 ga Afrilu, ƙungiyar ta yi wasa a unguwar Harlem, a cibiyar al'adun Afirka ta Babatunde Olatunji, makaɗin nan ɗan Najeriya. Ɗaukar ba ta yi kyau ba, sai a 2001 aka fitar da ita. Ga Pharoah Sanders da tasa busar, ga Alice Coltrane a kan fiyano, ga Jimmy Garrison a kan bas, wato babbar goge, ga mai kiɗan bata, gangar Yarbawa, don haka Ali yana dukan gangunan da ƙarfin da makirufo ya kasa ɗauka, sautin ya dagule, amon farantan ya zama wani irin shuuu marar yankewa. Sai dai akwai abin da situdiyo bai nuna ba, wato yadda yake tura mabusa biyu gaba na kusan rabin sa'a ba tare da ya sassauta ba, a ɗakin da Coltrane ya yi busa ƙasa da wata uku kafin rasuwarsa.

Shawarata ita ce ku fara da na situdiyo har kunnenku ya saba da hannunsa, sannan ku koma na Harlem, ku bar busar gefe, ku nemi bugun babbar gangar ƙafa a ƙarƙashin ƙarar. Ga na farkon nan, mu saurara.